Ungulu Ba Ta Jewar Banza

Kawuna ya yi shekara 22 a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, a Amurka. Ya yi aikin masana'anta, ya yi tuƙin tasi, ya ci bashin banki ya sayi gida mai ɗaki uku, yana biya wata-wata har furfura ta fito masa. Da ciwon ƙoda ya kama shi sai ya ce gida zai dawo, in mutuwa ce ta same shi a Maraɗi. Bai kai ga neman mai saye ba masu saye suka same shi: wasiƙa a akwati, saƙo a salula, duk magana guda, wai muna sayen gida yadda yake, kuɗi hannu, ba gyara, ba dillali, ba jira.

Ya shiga shafin wani kamfani ya rubuta adireshi. Kashegari tayi ya iso, dala 215,000. Ya kira ni muryarsa cike da murna: "Ɗiyata, an sallama, ki gaya wa uwarki ina tafe kafin azumi." Ya yanki tikiti, ya zuba kaya a kwantena. Sannan ne kamfanin ya aiko mai dubawa. Aka ce rufi ya tsufa, na'urar sanyaya ɗaki ta gaji, dabe na son canji, aka zaftare. Aka cire ladan kamfani, aka cire kuɗin takardu. Cinikin ya tsaya a dala 186,000, a ciki kuma banki ya ɗauki sauran bashinsa. Kaya suna kan teku, likita yana jira, ya sa hannu. Bayan wata huɗu ɗansa ya turo mana hoton gidan a intanet, an shafa masa sabon fenti, an sa masa farashin dala 249,000.

Tun ranar nake son in yi wannan magana, kuma minti goma na shirin rediyo ba ya isa. Ga ta a taƙaice: ribar waɗannan kamfanoni daga matsin mai gida take fitowa. Wanda hankalinsa ke kwance ba ya cikin lissafinsu. Mara lafiya suke nema, da magada da ke faɗa, da ma'auratan da suka rabu, da wanda banki ke shirin ƙwace wa gida.

Kada mai karatu ya ce ɗiyar Kawu ce take huce haushi. Mu duba abin da ya fito fili. Masu wannan sana'a kashi biyu ne. Kashi na farko manyan kamfanonin intanet ne, waɗanda kwamfuta ke yi wa ƙiyasin farashi. Babbansu Opendoor, wanda aka kafa a 2014. Tallarsa ita ce an huta da dillali, alhali shi da kansa ya saba cire ladan aiki wajen kashi 5 cikin 100, kusan daidai da kashi 5 zuwa 6 da dillalan Amurka suka saba karɓa, sannan kuɗin gyara ya biyo baya. A watan Agusta na 2022 hukumar FTC, mai kare masu saye da sayarwa a gwamnatin tarayyar Amurka, ta zarge shi da nuna wa mutane jadawalin da ke cewa za su fi samu idan suka sayar masa, alhali akasarinsu sun yi asarar dubban daloli in aka gwada da kasuwa. Kamfanin ya musanta, amma ya yarda ya biya dala miliyan 62. A 2024 aka raba kuɗin ga mutum fiye da 54,000. Ku yi rabon da kanku: ɗan abin da ya haura dala dubu kowane mutum, bayan gida ya riga ya tafi.

Kashi na biyu su ne masu liƙa alluna a bakin hanya da aika wasiƙu. Su suna da wata ƙa'ida da ba sa ɓoyewa a tsakaninsu: kada ka biya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da gida zai kai bayan gyara, sannan ka cire kuɗin gyaran. Gidan da zai kai dala 250,000, in gyaransa 20,000 ne, tayinsu 155,000. Wasunsu ma ba su da kuɗin saye. Sukan sa mai gida ya sa hannu a yarjejeniya, su je su sayar da takardar ga wani mai kuɗi, su ci ribar tsakani ba tare da sun taɓa mallakar ko ƙofa ba. A 2023 kafar bincike ta ProPublica ta bi diddigin HomeVestors, kamfanin da ke tallar cewa yana sayen munanan gidaje, ta gano wasu wakilansa suna farautar tsofaffi da marasa lafiya, har da maka waɗanda suka so janyewa a kotu. Kamfanin ya ce waɗannan ƙalilan ne cikin dubban cinikinsa. Ko da ƙalilan ne, kowane ɗaya gidan wani ne.

Na san abin da za a ce mini, domin an faɗa mini a fuska. Na farko: wa ya tilasta masa? Ba wanda ya ɗora wa Kawu wuƙa. Amma ku dubi yadda aka jera abin. Farashi mai daɗi shi ke fara zuwa, zaftarewa sai daga baya, lokacin da mutum ya riga ya sallami aiki, ya gaya wa dangi, ya ɗaure kaya. Da gaskiya ake nufi, da mai dubawa ya fara zuwa kafin a ambaci ko dala ɗaya. Cinikin da ƙarshensa ba ya bayyana sai bayan hanyar komawa ta toshe, ni ban kira shi yarda ba.

Na biyu: ai su ma suna asara. Gaskiya ne. A watan Nuwamba na 2021 Zillow ya rufe sashensa na sayen gidaje bayan kwamfutarsa ta yi ta saye da tsada, ya sallami wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Shekara guda bayan haka Redfin ma ya rufe nasa. Opendoor ya yi asarar fiye da dala biliyan ɗaya a 2022, lokacin da kuɗin ruwa ya tashi kasuwar gidaje ta yi sanyi. To, wane darasi waɗanda suka rage suka ɗauka? Suka ƙara rage tayi, domin kada abin ya sake faɗa musu. Ke nan haɗarin kasuwa an ɗauke shi daga wuyan mai biliyoyi an ɗora wa mai gida ɗaya. Asararsu ta jiya, mai sayarwa na yau ke biyan ta.

Na uku, wanda ya fi ƙarfi: sauri abu ne mai daraja. Na yarda. Sayarwa ta hanyar dillali tana iya cin wata biyu ko uku, baƙi suna shiga suna leƙa ɗakin kwana, wani lokaci banki ya hana mai saye bashi ciniki ya ruguje. Akwai wanda gidansa ya lalace har ba bankin da zai ba da bashi a kansa, shi kam mai kuɗi hannu ne kaɗai mafitarsa. Ban ce a haramta sana'ar ba. Na ce a rubuta wa sauri farashinsa da manyan baƙaƙe. Da Kawu ya bi kasuwa, ko da ya biya dillali ya yi fenti ya jira wata uku, da ya tsira da ƙarin abin da bai gaza dala 30,000 ba, wato fiye da miliyan 15 na sefa. Da an ce masa, "Alhaji, wata uku ɗin nan za mu saya a hannunka kan miliyan 15," da ya yi dariya ya kashe waya. Ba a faɗa masa haka ba, domin in an faɗa ciniki ya mutu.

Akwai kuma laifin da ba na kamfani ba, namu ne mu na gida. Ni ce na riƙa kiran Kawu ina tambaya yaushe zai taso. Wannan na jiran kuɗin aure, wancan na jiran a ƙarasa gini. Mu muka hura wutar gaggawar da wasu suka dafa abincinsu a kai. Kuma halin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wa bai san dillalin da ke zuwa gaisuwar mutuwa yana auna faɗin gida da ido ba, kafin sadakar arba'in ya kawo wa magada kuɗi a jaka? Bambancin kawai, na Amurka yana da shafin intanet da lauya.

Saboda haka, ɗan'uwa da ke can, in wasiƙar nan ta shigo akwatinka, ga abin da nake roƙo. Kira dillalai biyu su faɗa maka abin da gidanka zai kai, wannan kyauta suke yi. Biya mai ƙiyasi mai lasisi, 'yan ɗaruruwan daloli ne. Nemi kamfani ya rubuta maka adadin da zai shiga hannunka bayan an cire komai, kuma bayan mai dubawa ya zo. Karanta ko takardar ta ba su damar miƙa cinikin ga wani, da abin da zai same ka in ka janye. Kada ka yanki tikiti, kada ka sanar da mu ranar zuwa, sai adadin ƙarshe ya tsaya. Mu kuma na gida mu rage kira.

Kawu yana nan Maraɗi, ana wanke masa ƙoda. Ranar da na nuna masa lissafin nan ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ɗiyata, ki faɗa a rediyo, amma kada ki ambaci sunana." Ban ambata ba.