Gudawa Bayan Shan Antibayotik: Gwajin Bahayan Da Muka Saba Ba Ya Kama Ta

Da yawa daga cikinmu idan gudawa ta kama mutum, kemis yake nufa ya sayo ciprofloxacin. Amma akwai gudawar da antibayotik ɗin ne ke haddasa ta. Magunguna irin su clindamycin, ceftriaxone da ciprofloxacin suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanji, sai wata bakteriya mai suna Clostridioides difficile ta samu fili ta yaɗu, tana fitar da guba iri biyu, A da B, masu kumbura babban hanji. Hukumar CDC ta ƙiyasta cewa a 2017 cutar ta kama majinyata 223,900 a asibitocin Amurka, 12,800 suka rasu.

Matsalarmu a nan gida ita ce gwajin bahayan da aka saba yi tsutsar ciki, amiba, Salmonella da Shigella yake nema. Wannan ƙwaya ba ta tsirowa inda iskar oksijin take, don haka sai sakamako ya fito babu komai, a ƙara wa majinyaci wani antibayotik, ciwo ya tsananta.

Gwajinta daban ne, kuma sai likita ya rubuta shi da sunansa. Gwajin GDH da na PCR suna nuna ƙwayar na nan, gwajin guba kuma shi ke nuna tana yin ɓarna. Shi ya sa ake haɗa biyu, domin mutum na iya ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau.

Ƙa'idar ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta 2017 ta ce a gwada wanda ya yi bahaya mai ruwa sau 3 ko fiye cikin awa 24 ba tare da wani sanannen dalili ba. Ba a gwada bahaya mai tauri, ba a saba gwada jariri ɗan ƙasa da shekara 1 ba, kuma ba a maimaitawa don tabbatar da warkewa.

Idan gudawa ta zo maka kana shan antibayotik ko makonni bayan ka gama, musamman ga tsofaffi da waɗanda suka kwanta a asibiti, ka sha ruwan gishiri da sukari, ka guji loperamide, ka kai wa likita kwalin maganin da ka sha. Masu jinya kuma su wanke hannu da ruwa da sabulu, domin sanitaiza ba ta kashe wannan ƙwaya.