Kafin Mu Hango Italiya, Mu Dubi Maraɗi



Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin watan Yunin 2023, akwai maganar da muke yawan ji a bakin masu sharhi: wai faɗuwar naira alheri ce ga mai fitar da kaya waje, tunda kayansa za su yi arha a idon baƙo. Dalar da ake saye a kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. A lissafin takarda, jakar fatar da badukun Kano ya ɗinka ta zama kamar kyauta ga mai riƙe da dala. To me ya sa ba mu ga dukawanmu sun murmure ba?

Mu farke jakar mu duba cikinta. Zif ɗinta, ƙarafunan madauri, gam, zare, har da ƙyallen shafi, galibinsu shigo da su ake yi, akasari daga Sin, kuma da dala. Sai fatar kanta. Manyan kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa suna tura zaɓaɓɓiyar fatar awaki da tumaki zuwa Italiya da Sifaniya, a biya su da kuɗin waje. Wanda ke da mai saye a Turai ba zai karya wa baduku farashi don suna gari ɗaya ba, saboda haka fata mai kyau ko a Kano farashin dala take bi. Ƙirgi kuwa, masu cin ganda sun riga majema. Ga wutar lantarki da aka ɗaga wa 'yan rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 a Afrilun 2024, ga fetur ɗin janareta bayan cire tallafi. Idan aka tattara, abu ɗaya ne kawai ya yi arha a jikin jakar nan, shi ne gumin wanda ya ɗinka ta.

Ba yau aka fara ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ce ta riƙa ƙetare Sahara har Turawa suka laƙaba mata suna fatar Maroko. Mu da akuya, wasu da suna.

Can ɓangaren masu saye ma ba daɗi. Idan aljihu ya yi sanyi, jaka da bel da alabe su ake fara ɗagewa sai wata shekara. Ɗan kasuwar Turai da ya rage oda kuma sai ya ƙara tsanani: yana son guda ɗari biyar masu girma ɗaya, launi ɗaya, ba wari, a ranar da aka yi alkawari. Tun 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan wani nau'in sinadarin kuromiyam a kayan fatar da ke taɓa jiki, dole sai an yi gwaji. Mutumin da ke aiki da yara uku a shago ɗaya, ina zai samo wannan?

Shi ya sa muke ganin kasuwar waje ta gaskiya ga dukawanmu a wannan matsin tana nan kusa. Sefar da ake kashewa a Nijar, da ta Chadi da Kamaru, a ɗaure suke da yuro, don haka da naira ta faɗi sai hannun ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram ko Marwa ya ƙara nauyi a Ƙofar Wambai. Shi ba ya neman takardar gwaji. Takalmin da muke sawa ranar Sallah shi yake sawa, jakar da ake zubawa a lefenmu ita ake zubawa a nasu.

Za a ce ai su ma talauci na cin su, kuma kayan roba na Sin sun cika kasuwanninsu. Gaskiya ne. Mun kuma ga yadda rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya tsayar da komai har zuwa Maris na 2024. Amma wannan hatsari ne da baduku ya san hanyarsa, ya san wanda zai kira a waya.

Abin da ke damunmu shi ne yawancin wannan ciniki ba ya shiga kowane littafi. Kaya su fita a buhu, kuɗi su dawo a aljihu, gobe baduku ya je banki neman rance ba shi da shaidar ya taɓa sayar da ko silifa a waje. Da dukawa ashirin za su haɗa kuɗi su sayi zif da gam a sari ɗaya, su buga tambarinsu a jikin kowace jaka, su riƙa yanka rasit, da sun rage tsadar kayan aiki, sun kuma sami abin nunawa. Cibiyar binciken fata ta ƙasa tana nan Samarun Zariya, tafiyar awa biyu da 'yan kai daga Kano, ga duk ƙungiyar da ta shirya kai kayanta a gwada kafin ta fara zancen Turai.