Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Kira Ga Masu Kallon Zanen Matasanmu

Kira nake yi, kuma da babbar murya, ga duk wanda aka taɓa miƙa wa zane aka ce masa, "Don Allah duba mini wannan." Ko kai malamin makaranta ne, ko uba, ko yaya, ko tsohon hannu a sana'ar, ko ɗan kallo kawai, maganar nan da kai nake. Ke ma uwa, ke ma yaya, matso kusa ki ji.

Garuruwanmu cike suke da samari da 'yan mata masu baiwar hannu. Akwai masu zane da fensir, da biro, da gawayi. Akwai masu fenti, da masu zayyana, da masu zanen hula, da masu zanen lalle, da waɗanda kwamfuta ce allonsu. Suna raba dare a kan aiki ɗaya, su gama, su kawo mana zuciyarsu na bugawa. Mu kuwa amsarmu ba ta wuce biyu. Ko dai mu ce, "Kai, ya yi kyau, Allah Ya ƙara basira," mu wuce abinmu, ko kuma mu fashe da dariya mu ce, "Wannan kuma mene ne?" Wallahi duka biyun cuta ce, kuma lokaci ya yi da za mu daina.

Amsa ta farko kara ce ke jawo ta. Ba ma son mu ɓata wa yaro rai, sai mu rufe shi da yabo. To amma yabon da bai ce komai ba, me ya ƙara masa? Yaron zai koma gida da kuskurensa, ya maimaita shi gobe da jibi, har hannunsa ya saba da shi. Ranar da ya kai aikinsa gaban mai saye, ko gaban malaman da za su tantance shi, a nan zai ji gaskiyar da muka ɓoye masa, daga bakin wanda ba ruwansa da hawayensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ga karkata ya yi shiru don kara, da hannunsa a cikin karkatar.

Amsa ta biyu kuwa ta fi saurin kisa. Magana zarar bunu ce. Yarinyar da aka yi wa dariya a tsakar gida za ta naɗe takardunta ta tura ƙarƙashin katifa, kuma da wuya ta sake nuna wa kowa. Mai dariyar ya manta kafin magariba, ita kuwa za ta girma da maganar. Baiwa nawa muka binne ta wannan hanya? Allah kaɗai Ya san adadinsu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, gyara ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gadonmu ne. Ku shiga tsangaya ku ga zaman darasu. Almajiri ya rubuta allonsa, ya zo ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Malam ba ya kallon allon sau ɗaya ya ce "madalla" ya mayar. Bi yake yi layi-layi, baƙi-baƙi, yana duba ɗigo, yana duba wasali. Idan ya iske inda aka yi tuntuɓe, sai ya ɗora yatsa a daidai wurin, ya faɗi abin da ya ɓace, a goge a gyara nan take. Sauran allon da ke daidai ba a taɓa shi. Yaron ya tashi ya san wurin da ya kasa, ya san dalili, ya kuma san yadda zai kauce gobe. Daga irin wannan zama ne ake samun alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, da rubutun da ido ba ya gajiya da kallonsa.

Haka abin yake a rumfar masu ɗinki. Mai koyon aska takwas a gaban babbar riga ya san cewa in zare ya kauce daga layin zane, maigidansa zai sa shi ya warware ya sake, kuma ba ya ɗaukar wannan a matsayin wulaƙanci. Haka yake a wajen magina. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, ya fito ne daga sana'ar da ake koya a gindin bango, inda babba ke tsaye a kan yaro yana nuna masa inda tubali ya zame. Bakan gizon da ya ɗaure a masallacin nan har yau masana gini na zuwa kallo. Gwaninta irin wannan ba a samun ta da "ya yi kyau."

To yaya ake gyaran da ke ginawa? Bari mu ɗauki misali mu dube shi da kyau. A ce yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta zana zauren gidansu da fensir: ga ƙofa, ga zankwaye a sama, ga dalbejiya a gefe, ga akuya kwance a gindinta. Ta kawo maka.

Abu na farko, ka karɓa ka duba. Duban gaske nake nufi, wanda zai ɗauke ka minti biyu ko uku bakinka a rufe. Ka matso da takardar, ka nisanta ta, ka ga inda idonka ya fara sauka. Wannan shirun kansa girmamawa ne, domin ta ga an ɗauki wahalarta da muhimmanci.

Na biyu, ka tambaya kafin ka yanke hukunci. "Ƙanwata, da wane lokaci kika zana wannan, da hantsi ko da la'asar? Me kika fi so mai kallo ya gani, zauren ko bishiyar?" Amsarta ce za ta nuna maka inda ta nufa, kuma sai ka san inda mutum ya nufa kake iya cewa ya ɓata hanya.

Na uku, ka yaba, amma yabo mai suna. "Yadda kika fitar da kaushin bangon nan da ƙananan layuka, har mutum ya ji kamar ya shafa, wannan hannu ne. Ki riƙe shi." Yanzu ta san abin da ta iya, kuma za ta iya maimaita shi da gangan. Mutane da yawa ba su san cewa mai koyo yakan yi abu mai kyau bisa dace ba, kuma in ba a nuna masa ba sai ya yar da shi.

Na huɗu, ka zaɓi gyara ɗaya, in ya yi yawa biyu, wanda ya fi nauyi. "Dubi nan. Inuwar bishiyar ta faɗi hagu, ta zauren kuma ta faɗi dama. Rana ɗaya ce a sama, don haka inuwoyin nan gefe guda za su bi." Kada ka tsaya a nan, ka ba ta hanya. "Gobe da la'asar ki fita ki tsaya a inda kika tsaya, ki kalli ƙasa kawai, ki ga inda kowace inuwa ta kwanta. Kafin ki fara wani zanen, ki sa ɗan ɗigo a gefen takarda ki ce nan rana take." Ƙafar akuyar da ta gajarce, da ƙofar da ta ɗan karkace, ka bar su sai wani zuwan. Wanda aka zube wa gyara goma a lokaci guda ba ya tafiya da ko ɗaya.

Ka ga ba a zage ta ba, ba a kuma yaudare ta ba. Ta tafi da abin da za ta riƙe, da abin da za ta gyara, da dabarar gyarawa. Irin waɗannan dabaru suna da yawa, kuma manyan masu zane sun san su: a ɗaga zane gaban madubi, karkatar da ido ya saba da ita sai ta fito fili, a ɗan runtse ido, sai a ga ko haske da duhu sun rabu, a tuna cewa abin da ke nesa ya fi dusashewa, kuma idanun mutum suna wajen tsakiyar kai ne, ba can sama kusa da gashi ba, inda masu koyo ke yawan kai su. Ku da kuka san waɗannan, me kuke ɓoye su? Ilimin da aka rufe a ciki, tare da mai shi ake binne shi.

Akwai kuma wani tarko da masu gyara ke faɗawa, wato auna aikin wani da mudun kansu. A 1958, wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Abin da ya tashe su shi ne ana koya musu zane da ma'aunin Turai kaɗai, alhali suna da gadon zane a gidajen iyayensu. Suka ce za su ɗauki dabarar da aka koya musu su haɗa da nasu na gida, kuma daga cikinsu aka samu manyan masu zanen Nijeriya. Dubi kuma Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta ke bayan takardar naira 20. Ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954. A can ta koyi sababbin dabarun gini da gashi, amma ba ta yar da zanenta na kunama da ƙadangare da kifi da kada da take yi a jikin tulu ba. Da wannan zanen duniya ta san ta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Da an ce mata ta goge wannan ta kwaikwayi na Turawa, da wa zai tuna da ita yau? Saboda haka, mai gyara, ka rarrabe tsakanin kuskure da salo. "Inuwa ta saɓa" gyara ne. "Ni ba na son shuɗi" ra'ayinka ne, ka riƙe abinka.

Sannan a kiyaye ladabi. Aiki ake gyarawa, mai aikin kuwa mutuncinsa ake tsarewa. "Hannun nan ya yi ƙanƙanta" daban, "kai ba ka iya komai ba" daban. Gyaran da zai sa mutum jin kunya, a ja shi gefe a faɗa masa. Kada ka ɗauki fensir ka hau kan takardar wani sai ya ba ka izini. In za ka nuna, nemi wata takarda. Idan 'ya mace ta nuna aikinta, a yi maganar aikin, a bar maganar da ba a tambaya ba. Wanda kuma hassada ce ke motsa harshensa, ya ji tsoron Allah ya yi shiru, domin nasiha da baƙin ciki ba sa zama a zuciya ɗaya.

Wani zai ce, "Ni ai ban iya zane ba, me zan ce?" Kana da ido, kuma don idonka aka yi zanen. Ka faɗi abin da ka gani tsakani da Allah: "Idona ya fara zuwa kan bishiyar, zauren sai daga baya na lura da shi." Wannan kaɗai labari ne mai daraja ga mai zane, domin ya gaya masa ko saƙonsa ya isa.

Ku kuma masu zane, 'ya'yana da ƙannena, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku fito da aikinku. Ku daina tambayar "ya yi kyau?", domin amsarta ɗaya ce kuma ba ta da amfani. Ku ce, "Yaya, dubi hasken nan, ya zauna?" ko "Malam, ina ne ya fi rauni?" Idan an gyara muku, ku yi godiya kafin ku kare kanku. Ku je ku kwana da maganar, ku gwada ta a takarda. Wadda ta yi amfani ku ɗauka, wadda ba ta yi ba ku ajiye ba tare da faɗa ba. Babu wanda aka haifa da iyawa, da koyo akan iya.

Jama'a, aikin nan ba ya bukatar kuɗi, ba ya jiran gwamnati. Masu zanen kowace unguwa su ware yammaci ɗaya a mako, su shimfiɗa tabarma, kowa ya ajiye aikinsa a tsakiya, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Malaman zane a makarantu su daina sa maki kawai, su rubuta wa yaro jimla biyu a bayan takardarsa. Tsofaffin hannu, kowannenku ya ɗauki yaro ɗaya ya riƙa duba masa. Iyaye, ku zauna ku kalli abin da 'ya'yanku suka zana, ku tambaye su. Daga yau, duk wanda aka miƙa wa zane, ya ɗauka amana aka ba shi: ya duba da kyau, ya faɗi abin da ya yi daidai da sunansa, ya nuna abin da ya karkace, ya kuma nuna hanyar miƙe shi. Mu tashi mu fara a wannan makon. Allah Ya yi wa hannun 'ya'yanmu albarka, Ya ba mu harshen da zai gina su.