Daren 13 a Aislan da mutumin da kitse ya kayar

 Masu harkar busasshen kan kifi sun san yawancinsa daga Aislan da Norwe yake zuwa. Ranar 6 ga Janairu da daddare na buga wa wani Bature ɗan Aislan da muke ciniki waya daga nan Kwatano, sai na ji ƙara kamar ana yaƙi. Na ce lafiya? Ya yi dariya ya ce wasan wuta ne, yau suke sallamar Kirsimeti.

Su a can kwana 13 suke lissafa wa bikin. A tatsuniyarsu akwai wata dodanniya, Girila, mai 'ya'ya maza 13 a cikin duwatsu. Daga 12 ga Disamba kullum ɗaya yake saukowa gari, yara su ajiye takalmi a taga: mai ladabi ya samu kyauta, mai ƙiriniya ya tarar da ruɓaɓɓen dankali. Daga 25 ga wata sai su fara komawa ɗaya-ɗaya, na ƙarshensu mai satar kyandir shi ke tafiya a wannan dare. Tsoratar da yara da su ya taɓa yin yawa har aka kafa dokar hanawa a 1746.

Abokin nawa ya ce yana yaro babansa kan goya shi a wuya zuwa wajen babbar wutar da ake hurawa a fili, ga masu shigar sarkin aljanu da sarauniya suna waƙa. Kakarsa kuwa ta ce a daren shanu suna magana irin ta mutane, wanda ya laɓe ya ji zai haukace.

Labarin da ya tsaya mini a rai shi ne na mararraba. Wai wanda ya zauna a mararrabar hanya, aljanu za su yi ta jibge masa dukiya. In ya yi gum har gari ya waye, duk tasa ce. In ya karɓa, hankalinsa ya tafi. Ku tuna a farkon Janairu sai bayan ƙarfe 11 na safe rana ke fitowa a can. Wani mai suna Fusi ya jure dare guda, dab da wayewar gari aka miƙo masa kitsen tunkiya, ya kai baki, shi ke nan.

Wallahi da na ji, kaina na gani. Shekarun baya na kammala cinikin Disamba lafiya, riba a hannu, saura in biya masu kaya in aika wa iyali. Sai ga wani dillali da kwantena mai arha, wai yau ko gobe. Na zuba. Har yanzu kwantenar ba ta iso ba.

Mu ba mu yarda da aljanun mararraba masu rabon dukiya ba, amma Bahaushe ya ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Wannan watan kuɗi na hannunku, dillalai kuma sun sani. A biya bashi, a cire kuɗin makarantar yara, sannan a saurari mai kitse.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mako mai zuwa.