Nas ɗin da aka ɗaure don ta ce kada a tilasta wa 'ya'yan mutane zuwa yaƙi

Mun saba hirar zazzaɓin yara da rigakafi da abincin mai shayarwa. Yau kuma na zo mana da labarin wata abokiyar sana'ata da ta rasu tun 1940, domin tambayar da ta yi wa gwamnatin Amurka fiye da shekara ɗari da suka wuce, har gobe tana da amfani ga duk macen da ta haifi ɗa.

Sunanta Emma Goldman. An haife ta a 1869 a garin Kovno, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha. Tana da shekara 16 ta yi ƙaura zuwa Amurka, ta kama aiki a masana'antar ɗinki. A 1893 aka ɗaure ta saboda jawabin da ta yi wa marasa aikin yi a birnin New York, kuma a asibitin gidan yarin ne ta fara koyon jinya. Bayan ta fito ta tafi Vienna, babban birnin Ostiriya, ta yi karatun jinya da ungozomanci, sannan ta dawo tana karɓar haihuwa a unguwannin talakawan New York, inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya ko biyu.

Aƙidarta ita ce wadda Turawa ke kira anakizim. Mutane da dama suna ɗauka ma'anarta hargitsi ce, amma masu ita abin da suke nufi shi ne jama'a za su iya tafiyar da lamuransu ta hanyar yarjejeniya da taimakon juna, ba tare da wata hukuma mai bindiga da kurkuku a kansu ba. A ganinsu, babu lokacin da gwamnati ke ƙara ƙarfi kamar lokacin yaƙi. A nan ne take ƙara haraji, ta ɗebi samari, ta rufe bakin jarida, duk wanda ya yi tambaya kuma a ce maƙiyin ƙasa ne.

Abin da ya same ta ya nuna hakan ƙarara. A 1916 jama'ar Amurka sun sake zaɓen shugaba Woodrow Wilson, a wani kamfe da aka yi ta yabonsa da cewa ya hana ƙasar shiga yaƙin duniya na ɗaya. A watan Afrilun 1917 sai ga Amurka cikin yaƙin. A watan Mayu aka yi dokar da ta wajabta wa duk namiji daga shekara 21 zuwa 30 ya yi rajistar shiga soja. Emma da abokin gwagwarmayarta Alexander Berkman suka kafa ƙungiyar adawa da wannan tilasci, suna taro suna raba takardu. Hujjarsu ita ce ɗan talaka ne zai je ya kashe ɗan talaka ɗan'uwansa a Jamus, masu kamfanin makamai kuma su ƙirga riba. Ranar 15 ga Yuni aka kama su. Kotu ta yanke wa kowannensu shekara 2 a kurkuku da tarar dala 10,000, mujallarta kuma ta mutu a wannan shekarar bayan an hana gidan waya ɗaukarta. A Disambar 1919 aka loda su a jirgin ruwa, su 249, aka kore su zuwa Rasha.

To me ya faru da samarin da aka ɗiba? Sojojin Amurka kusan 116,000 ne suka mutu a wannan yaƙi, kuma fiye da rabinsu ba harsashi ne ya kashe su ba. Cuta ce, musamman annobar murar 1918, wadda ta samu wurin yaɗuwa a barikoki da jiragen ruwa masu cunkoso. An ƙiyasta ta kashe mutum kusan miliyan 50 a duniya. A watan Satumban 1918 jirgin ruwa ya kawo ta Legas, daga nan ta bazu har ƙasar Hausa. Kun ga ke nan, yaƙin da aka ƙulla a fadojin Turai ya shigo har ɗakin kakanninmu. Wannan shi ne abin da duk mai aikin jinya ta sani: a bayan kowane yaƙi akwai wani yaƙin na biyu, na yunwa da kwalara da ƙyanda da mace-macen haihuwa, kuma shi ba a nuna shi a talabijin.

Na san wata za ta ce wannan ai tsohon labari ne. Bari mu matso kusa. A 2003 Amurka da Birtaniya suka mamaye Iraƙi da hujjar cewa tana da makaman ƙare dangi. Ranar 15 ga Fabrairun shekarar miliyoyin mutane sun fito zanga-zanga a biranen duniya suna cewa kada a yi. Aka yi. Makaman kuma ba a same su ba. A watan Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a yi amfani da ƙarfi a Libiya don kare farar hula. Jiragen NATO suka yi ta luguden wuta har aka kashe Gaddafi a watan Oktoba. Rumbunan makaman ƙasar suka zama na kowa, kuma a Janairun 2012 tawaye ya ɓarke a arewacin Mali, da mayaƙa da bindigogin da suka fito daga Libiya. Mu da ke wannan yanki ba sai an faɗa mana yadda wutar ta ci ba. Shi kansa shugaba Obama ya faɗa a 2016 cewa rashin tanadin abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskurensa mafi muni a mulki. Shi dai ya yi nadama a gaban kyamara. Wasu kuma 'ya'yansu suka binne.

Sai wanda ya taɓa mu kai tsaye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ba sojoji wa'adin mako guda su mayar da shugaba Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba, amma ki tambayi kowace nas me rashin wuta ke yi wa firjin allurar rigakafi, ko wa jaririn da aka haifa bakwaini. Ki tambayi matar da iyayenta ke Maraɗi ita kuma tana aure a Jibiya, ko mai ɗan ciniki tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. Abin da ya taimaka wajen kashe wutar shi ne mutane sun yi magana. Sanatocin arewa sun ƙi, majalisar dattawa ta ba da shawarar a bi hanyar sulhu, malamai sun tafi Yamai. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin.

Kada a fahimce ni a baibai. Ƙin yaƙi ba ya nufin goyon bayan wanda ya ƙwaci mulki da bindiga. A nan ma Emma ta bar darasi. Ta isa Rasha da murna, tana zaton ta zo ƙasar da ma'aikata suka 'yantu. Da ta ga yadda gwamnatin Lenin ke ɗaure masu suka, da yadda ta murƙushe sojojin ruwan Kronstadt a 1921, sai ta bar ƙasar, ta rubuta littafi tana tona asirinta, duk da cewa hakan ya raba ta da abokai da yawa. Ma'auni ɗaya ta yi wa Amurka da Rasha.

Akwai inda na raba gari da ita, kuma nesa. Ba ta yarda da addini ba, tana sukar aure, kuma a ƙuruciyarta tana da hannu a shirin da Berkman ya yi na kashe wani shugaban kamfanin ƙarfe a 1892. Zancen a rushe gwamnati baki ɗaya ma ban saye shi ba. Uwar da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyenta a Zamfara, addu'arta ita ce ta ga motar soja. Rigakafin da muke yi wa yara kyauta, hukuma ce ke tsara shi. Kuma a cikin masu karanta wannan fili akwai matan sojoji da iyayensu, waɗanda ba sa barci sai waya ta shiga. Amma buƙatar da muke da ita ga hukuma ita ce ma dalilin da ya sa dole mu riƙa tambayarta. A Disambar 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka rasu, rundunar kuma ta ce kuskure ne. Wanda ya nemi a yi bincike a biya diyya ba maƙiyin soja ba ne.

Don haka ga abin da nake ba mu shawara. Duk ranar da aka fara kaɗa gangar yaƙi, a rediyo ko a WhatsApp, mu yi tambaya huɗu kafin mu tura saƙon gaba. Wace hujja aka nuna mana, kuma wa ya tabbatar da ita? 'Ya'yan wa za a tura? Daga ina kuɗin zai fito, asibiti da makaranta za su rasa nawa? Idan an gama, wa zai zauna ya gyara? Mu koya wa samarinmu waɗannan tambayoyin, don su ne na farko da jininsu ke tafasa idan suka ga bidiyon tankoki. Mu kuma tuna cewa ɗan majalisar da muka bi layi cikin rana muka zaɓa yana da ofishi, kuma yana tsoron ƙuri'ar mata. Rigakafi ya fi magani, a asibiti da wajen asibiti.

Iyayen gida, musamman na garuruwan iyaka da matan sojoji, ina jiran jin ta bakinku a wurin tsokaci da ke ƙasa. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.