Kwamfutocin makarantunmu ba su mutu ba, kaya ne ya yi musu yawa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin daraktocin makarantu da masu gyara a nan Maraɗi, kuma ina so malamai da iyaye mu daina karɓarta hannu bibbiyu. Wai "kwamfutocin sun tsufa, ba su ɗaukar sabon Windows." Da wannan jimla guda ake rufe ɗaki a sa masa kwaɗo, a bar injuna su yi ta shan ƙurar hunturu shekara da shekaru. Da ita kuma ake kiran taron iyaye, a ce kowane yaro ya kawo jika biyu ko uku domin a sayo sababbi.

Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa take cin mutane. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya shiga shirinsu na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa yana neman ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, ta gigabayit 4, da wurin ajiya na gigabayit 64, da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 wanda yawancin injunan da aka ƙera shekara goma sha biyar baya ba su da shi. Su ne kuwa injunan da ke iso mana, na gwanjo, ko ta Kwatano ko daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, ko kyautar wata ƙungiya da ta kwashe su daga ofisoshin Turai. Ba su ɗaukar Windows 11, wannan haka yake. Amma wa ya ce yaron da ke koyon buga rubutu Windows 11 yake bukata?

Manomin Jiratawa da zai kai zogale kasuwar Maraɗi ba ya fara ɗora wa amalanke kujerun falo da labule da madubi, sannan in jaki ya gurfana ya ce jakin ya tsufa. Mu abin da muke yi wa kwamfuta ke nan. Kafin yaro ya buɗe takardar rubutu ko ɗaya, kayan ado sun riga sun cinye mafi yawan ƙwaƙwalwar: tagogi masu inuwa, hotuna masu motsi, mai neman sabuntawa a intanet ɗin da babu, da maganin bairos na sata wanda shi kansa ya fi cutar nauyi. Inji mai gigabayit 2 sai ya yi ta nishi, mai gyara ya ɗaga kafaɗa ya ce ya mutu.

Abin da yawancinmu ba a gaya mana ba shi ne, fuskar da muke gani a allon kwamfuta riga ce kawai, ana iya cire ta a sa wata. A tsarin Linux, wanda kyauta ne kuma halal ne a kwafa a raba, akwai wani ɗan shiri da aikinsa bai wuce ya zana wa taga baki, ya bari a ja ta, a faɗaɗa ta, a rufe ta, ya kuma nuna jerin shirye-shirye in an latsa. Ni ina kiransa mai kula da tagogi. Akwai su da yawa: Openbox, Fluxbox, JWM, IceWM. Na ƙarshen nan shi na fi so ga makaranta. Wani mai suna Marko Maček ya fara rubuta shi a 1997, lokacin da kwamfutar da ake alfahari da ita ba ta kai wayar da ke aljihunka ƙarfi ba, kuma har yau ana gyara shi ana ƙara masa. Shi kaɗansa abin da yake ci a ƙwaƙwalwa bai kai megabayit 50 ba. Tsarin antiX, wanda ke zuwa da IceWM a shirye, yakan tashi gaba ɗayansa a ƙasa da megabayit 300. Ku kwatanta da gigabayit 4 ɗin da aka ce sai da shi. Injin da aka yi wa sallar gawa sai ga shi ya tashi da sauran fili mai yawa na aikin yara.

Kuma fuskarsa ba baƙuwa ba ce. Sanda ce a ƙasan allo, maɓallin jeri a hagu, agogo a dama, kamar dai tsohon Windows da malamanmu suka koya a kai. Alt da Tab suna sauya taga, Alt da F4 suna rufe ta. Yaron da ya saba da wannan, ranar da ya zauna gaban Windows a wani ofis ba zai yi minti biyar yana lalube ba.

Sauƙin nauyi ma ba shi ne babban abin da ya sa nake wannan faɗa ba. Babban abin shi ne malami yana iya tsara allon da hannunsa, da rubutu kawai, yadda ajinsa ke bukata. Duk saitin IceWM yana cikin wata ƴar jaka mai suna .icewm a gidan mai amfani, kuma abin da ke ciki fayiloli ne na rubutu zalla, waɗanda ake buɗewa kamar wasiƙa. Ɗaya sunansa menu, shi ke riƙe da jerin shirye-shiryen da yaro zai gani. Ka goge duk abin da ke ciki ka rubuta layi huɗu ko biyar irin wannan:

prog "Rubutu" abiword abiword

Kalmar da ke tsakanin alamomin zance ita ce za ta fito a allo, kuma kai ke zaɓenta. Ka sa "Rubutu" ga AbiWord ko LibreOffice Writer, "Lissafi" ga Gnumeric ko Calc, "Zane" ga Tux Paint, "Wasan koyo" ga GCompris, "Kundin sani" ga Kiwix, wanda ke buɗe Wikipedia ta Faransanci ko ta Hausa ba tare da intanet ba. Shi ke nan. Yaro ya latsa maɓalli ya ga abu biyar, da harshen da yake mafarki da shi. A wani fayil ɗin mai suna preferences sai ka rubuta ShowProgramsMenu=0 da ShowSettingsMenu=0 da ShowRun=0, sauran ƙofofin da yara ke bi su birkita inji su ɓace daga jerin. In ka mayar da jakar mallakar mai babban iko a injin, yaro ba ya iya canza fayilolin da ke cikinta ko da ya so. Ka kwafe ta a filashi, ka bi sauran injunan ɗakin ka sauke musu, duka su zama iri ɗaya. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara sittin, uku uku a inji guda, kowane allo da irin tasa rigimar, ya san darajar wannan ba sai na yi masa bayani ba.

Ga wani abu da ke ba ni haushi musamman. A 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. An yi murna, an yi jawabai. To ku shiga ɗakin kwamfutar kowace makaranta ku ce wa yaro ya rubuta "ƙasa" ko "ɗaki" ko "ƴaƴa". Ba zai iya ba, domin allon bugun AZERTY da muka gada daga Faransa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai ya rubuta "kasa", a rasa ko ƙasar yake nufi ko gazawa. Gyaran wannan bai kai aikin rabin awa ba. A fayil na uku, startup, wanda ke gudana duk lokacin da aka shiga, ka sa layin setxkbmap fr -option compose:menu, wato maɓallin jeri da ke kusa da Ctrl na dama, wanda ba kowa ke taɓa shi ba, ya zama maɓallin haɗa haruffa. Sannan a fayil mai suna .XCompose ka faɗa masa cewa in an latsa shi aka bi da k sau biyu ƙ ake nufi, d sau biyu ɗ, b sau biyu ɓ, y sau biyu ƴ. Allon Faransancin yana nan yadda yake, é da ç ba su je ko'ina ba, an dai ƙara masa namu. Rashin sani, in ji Bahaushe, kaza ta kwana kan dami.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a tarurruka. Za a ce a ofisoshi Word da Excel ake aiki da su, don haka abin da ya kamata yaro ya koya ke nan. Ina tambaya, wane Word ɗin? Fuskar Word ta 2003 da ta 2007 ba su yi kama ba, wanda ya haddace wuraren maɓallai a ta farko sai da ya sake koyo. Ɗan aji shida na yau, kafin ya kai neman aiki, an sake canza fuskar sau nawa? Abin da ke zama tare da shi shi ne yatsunsa su san inda haruffa suke, ya san mene ne fayil da jaka, ya iya adana aikinsa ya sake gano shi gobe, ya gane cewa a takardar lissafi ana tara jerin lambobi da ƙa'ida guda. Duk wannan LibreOffice na koyar da shi, yana kuma buɗe takardun Word ya adana su a sigarsu. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, zaɓin da ke gabanmu ba tsakanin Windows 11 da IceWM yake ba. Tsakanin IceWM ne da ɗaki a kulle. Ko kuwa Windows 7 na sata, wanda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairu 2020, wanda filashi ɗaya daga shagon buga takardu ya isa ya shigo masa da bairos ɗin nan mai mayar da jakunkuna gajerun hanyoyi, aikin yara na wata uku ya ɓace. Wannan cuta ba ta kama Linux.

Za a kuma ce babu mai iya gyarawa in ya lalace. Wannan ta fi ta farko nauyi, ban raina ta ba. Mai gyara a bakin kasuwa abin da ya sani shi ne ya goge ya sake saka Windows ya karɓi kuɗinsa, kuma bayan wata shida a dawo masa da injin, wanda hakan bai ɓata masa rai ba. Amma muna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a cikin garin nan, da ɗaliban kimiyya da fasaha da ke neman inda za su gwada hannunsu. Tibiri da Jiratawa duka tafiyar kabu-kabu ce daga Maraɗi. Abin da makaranta ke bukata malami ɗaya ne da aka zauna da shi yini biyu, da filashi ɗaya a aljihun tebur mai ɗauke da tsarin da jakar saitin. Wasu sun riga mu. A Faransa tun 2011 wasu masu aikin sa kai suka haɗa tsarin Emmabuntüs domin farfaɗo da kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyar Emmaüs kyauta, kuma da shi aka buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun arewacin Togo. Yana zuwa da Faransanci, da shirye-shiryen yara a ciki. Ya ɗan fi antiX nauyi, don haka injin da ke da gigabayit 2 zuwa sama shi ya fi dacewa da shi.

A wata makaranta a Tibiri, wadda ba zan kama sunanta ba, an nuna mini injuna goma sha ɗaya a jibge ƙarƙashin tamfol, an ce duka gawa ne. Da aka busa musu ƙura aka tashe su daga filashi, bakwai sun kama aiki a ranar. Biyu faifan ajiyarsu ya lalace, biyu kuwa wutar da ke zuwa tana ɗaukewa ta ƙone musu akwatin wuta. Waɗannan huɗun IceWM ba ya tayar da su, kuma ba zan yi muku alkawarin abin da ba ya yi ba. Ba ya rage wa Chrome ko Firefox nauyi. Inji mai gigabayit 1 in aka buɗe masa YouTube zai yi ta tsayawa ko da wace riga aka sa masa. Injunan da suka fi tsufa, masu bit 32, su ma hanyarsu na ƙuntata, domin Debian 13 da ya fito a Agusta 2025 ya daina fitar musu da faifan sakawa, sai a nemi antiX ko Debian 12. Ba ya kuma kawo wuta. Mun ga yadda aka yi daga Agusta 2023, da Najeriya ta yanke layin da ke ba mu lantarki har zuwa farkon 2024. Sai dai wannan ma hujja ce a gare ni: in wutar awa ɗaya za ka samu, injin da ke tashi cikin minti guda ya fi maka wanda zai cinye rubu'in darasi yana juya ƙawanya a allo.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kuɗin ke tafiya. Sabuwar kwamfuta tana da bikin buɗewa, da hoto, da baƙi a inuwar rumfa. Tsohuwar da aka farfaɗo ba ta da ko ɗaya, kuma ba a rubuta mata takardar sayayya da wani zai samu nasa a ciki. Ban ce kowane darakta haka yake ba, da yawansu abin da mai gyara ya gaya musu suke maimaitawa da zuciya ɗaya. Amma uban da ya sayar da tiya biyu ta gero domin ya biya kuɗin "sababbin kwamfutoci" yana da haƙƙin ya san ko an gwada tsofaffin.

Don haka a taron COGES ko na ƙungiyar iyaye mai zuwa, in aka kawo maganar karo-karo, ku nemi a buɗe ɗakin tukuna. A ƙirga injunan a gabanku. A kawo wanda zai tashe su ɗaya bayan ɗaya daga filashin antiX, wanda ke gudana ba tare da ya taɓa abin da ke cikin injin ba, a rubuta wanne ya tashi, wanne faifai yake so, wanne ya ƙone da gaske. In akwai abin da za a tara wa kuɗi bayan haka, ku fara da na'urar daidaita wuta, da ƙarin RAM na gwanjo, da yadin da za a riƙa rufe injunan daga Nuwamba zuwa Fabrairu.