A Kafa Turke Kafin A Sayo Doki

Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, zancen mota mai aiki da lantarki ya shiga bakin kowa. Litar fetur da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 cikin 2024, man gas kuma na manyan motoci shi ma ya haura dubu. Hukumar gari mai bas-bas na haya, da motocin kwasar shara, da tankokin ruwa, lalle ta ji a jikinta. Saboda haka mutane da yawa suna cewa a sayar da waɗannan a sayo na lantarki. Ni ma ina goyon bayan wannan shawara, amma da sharaɗi guda, watau a tanadi wutar da motocin za su sha, da masu gyaransu, tukuna a sayo su.

Bari mu fara duba amfaninsu. Motar lantarki ba ta da fulogi, ba ta bukatar juyen baƙin mai, ba ta kuwa fid da hayaƙi. Kayan cikinta masu juyawa kaɗan ne, don haka abin lalacewa ma kaɗan ne. In direba ya taka birki, injin ya kan mai da wani kashi na ƙarfin gudun cikin batir. Wannan ya dace ƙwarai da bas da motar shara, gama aikinsu tafiya da tsayawa ne tun safe har yamma. Ban da wannan, motocin hukuma sun san hanyarsu, an san nisan da su ke yi kowace rana, da dare kuma duk su kan koma gareji guda su kwana. Nan ne za a ɗura musu wuta.

Wanda ya ke shakka, sai ya dubi birnin Shenzhen na ƙasar Sin. A ƙarshen 2017 bas-bas ɗinsa duka, fiye da 16,000, sun zama na lantarki. Amma mu lura, tun 2009 su ka soma gwaji da motoci ƙalilan. Shekara takwas su ka yi suna gina wuraren caji a gareji, suna koya wa direbobi da makanikai. Gwamnati ta biya kashi mai yawa na kuɗin kowace bas, kamfanin BYD kuwa mai ƙera yawancinsu a cikin birnin ya ke. Da dare su ke caji, lokacin da wuta ta fi araha. A nan Afirka ta Yamma ma, birnin Dakar na Sanagal ya buɗe hanyar bas-bas na lantarki mai tsawon kilomita 18 cikin 2024, bayan an gina musu hanyarsu ta kansu da garejin caji.

Akwai kuma waɗanda su ka sha wuya. Birnin Albukarki na Amurka ya karɓi bas-bas na lantarki, amma cikin 2018 ya mai da su ga mai su, domin batiran ba su kai nisan da aka yi alkawari ba. In haka ta sami birnin da wutarsa ba ta yankewa, ina ga namu?

To, ’yan’uwana ɗalibai, ga ɗan lissafi irin wanda za mu iya ba yaran aji shida. A ce batirin babbar bas yana cin yunit 300 na wuta kafin ya cika. A ce kuma akwai gida mai ƙona yunit 10 kowace rana. Ashe bas guda a dare ɗaya ta sha wutar wannan gida ta wata guda cur. Bas 50 kuwa za su sha yunit 15,000, watau abin da gida 1,500 irin wannan su ke ƙonawa a yini. Daga ina za a samo ta? Wutar da a ke rarrabawa a Nijeriya duka ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200. Cikin Oktoba 2024, da aka lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa sun yi kwana da kwanaki cikin duhu. Da motocin sharar wani gari a kan wannan layi kaɗai su ka dogara, da juji ya cinye kasuwa.

Wani zai ce ai sai a tada janareta a yi caji. Abin dariya ke nan, gama man gas ɗin da aka gudu shi za a koma saye, hayaƙin da aka kora daga titi kuma ya tare a gareji. Wani kuma zai ce muna da rana. Gaskiya ne, ita ce ma babbar dukiyarmu cikin wannan al’amari. Sai dai rana da rana ta ke fitowa, motoci kuwa da dare su ke hutawa. Dole ne ko a sayi manyan batira na ajiya, ko a shirya aikin yadda waɗansu motoci za su komo da tsakar rana su sha wuta bi da bi. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi iko su yi tasu wutar su rarraba, don haka ba su da sauran hujjar zura wa Abuja ido.

Ga shawarata. Da fari, hukuma ta auna nisan da kowace motarta ta ke yi a rana, har wata shida, a rubuta. Na biyu, a gina gareji mai faifan hasken rana da batiran ajiya. Na uku, a soma da mota biyu ko uku a hanya guda, kamar yadda Legas ta gwada da bas biyu cikin 2023, a ga yadda batir zai jimre da zafin bazara da ƙurar hunturu. Na huɗu, kada a sa hannu a takardar ciniki sai mai sayarwa ya ɗauki alkawarin batir na shekaru, da kayan gyara, da koyar da makanikanmu. Batir shi ne mafi tsada a jikin motar, in ya mutu babu madadi motar ta zama kejin kaji. Motar ɗaukar marasa lafiya da ta kashe gobara kuwa su zama na ƙarshe da za a sāke, gama rai ba ya jiran caji. Motar shugaban hukuma ita ma ta jira, a fara da wadda talaka ya ke hawa.

A ƙarshe, wannan magana ta shafe mu, mu da za mu riƙe alli. Makanikin da ya ƙware a injin gas ba zai taɓa batir mai ƙarfin bolt ɗari shida da hannu kawai ba, don yana iya kashe shi nan take. Wanda zai gyara irin wannan mota sai ya iya karanta littafinta, ya iya lissafi, ya san halin wutar lantarki. Yaron nan yanzu yana zaune a aji huɗu ko biyar, a hannunmu zai bi. In mun koya masa kimiyya da haddar baki kaɗai, ba waya, ba ƙwan fitila, ba batir a gabansa, to kullum sai an ɗauko baƙo daga ƙetare ya yi gyaran, a biya shi da dala. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukuma ta kafa nata turken, mu kuma mu shirya wanda zai kula da dokin.